Kaka Ta Ƙi Shan Ruwa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya shirin jarrabawa? Allah ya ba da sa'a. Mun iso. Kawu ya kama mana ɗaki a masaukin da ke bayan asibiti, ya raka mu muka karɓo wa Kaka katin aikin ido, ya koma bakin aikinsa. Ya ce sai ranar da za a cire mata yanar idon zai dawo.

A nan ya kamata in ce muna lafiya. Ba zan rubuta ba, don ba gaskiya ba ne. Akwai magana biyu da ban faɗa wa kowa ba. Na san an karɓe wayoyinku saboda jarrabawa, tamu kuma tana ɗaure a bakin zanin Kaka, ga shi ko allura ta faɗi a ɗaki sai ta ce wa ya yar. Shi ya sa na rubuta, na ba direban babbar motar da ke wucewa ta gaban makarantarku.

Ta farko, Kaka tana zawo. Washegarin isowarmu ya fara. Kin san dokarta, wai matafiyi ba ya shan ruwa a hanya. Haka ta daure tun safe har muka tsaya a wata tasha, zafi kamar zai narka mota. Wata mata tana sayar da yankakkiyar kankana tana yayyafa mata ruwa da hannu, ga bokitin ruwan sanyi da ƙanƙara a ciki. Kaka ta ji ana talla ta ce, "Takwara, saya mini, maƙogwarona ya zama itace." Na saya. Ni ma na sha, amma ni cikina ƙugi kawai ya yi ya bari. A masaukin kuma daga wani durom muke sha, mai ruwa ke cika shi, kowa da moɗarsa yake tsomawa.

Ta rantsar da ni kada in faɗa. Likitocin idon baƙi ne, sau ɗaya suke zuwa a shekara, ba su daɗewa. Ranar da aka ba mu kati nas ta ce duk mai zazzaɓi ko tari ko ciwon ciki ya faɗa, ba za a yi masa aiki ba, za a ba na bayansa. Tsakar gidan nan kuwa cike take da mutanen da ba su samu kati ba, suna jiran wani ya fita. Matar ɗakin kusa da namu ta kawo babanta, ba su samu ba. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Ya jikin tsohuwa?" Ni kuma sai in ce da sauƙi.

Banɗaki ɗaya ne, can ƙarshen tsakar gida, maza da mata. In zan kai ta sai ta ce, "Ɗauki buta, ki yi kamar alwala za mu." Yaya, alwala nawa mutum yake yi a yini?

Ta biyun ita ce mai nauyi. Ina son a yi aikin nan don kaina. Tun da na gama firamare ni ce sandar Kaka. Sa'o'ina suna wucewa ta ƙofar gida da kayan makaranta, ina shanya wankinta. Kawu ya ce ranar da Kaka ta iya ganin hanyarta, ranar zai kai ni wajen tela a ɗinka mini kayan makaranta. Da ta ce in rantse, ban yi gardama ba ko kaɗan. Yanzu ban san don wa nake yin shiru ba, don ita ko don ni.

Na sayo ƙwayar tsayar da zawo a kemis, tana sha. Abin bai yi tsanani sosai ba, ina jin. Ki faɗa mini abin da zan yi. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Ƙanwarki.

*

Zuwa ga Bebiyar gidanmu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai idona ya yi ja da karatu. Ashe kina da baki, a takarda kika ɓoye shi! Shekara nawa ina jan ki da hira kina ba ni "uhm", yau ga shafi biyu.

Kwantar da hankalinki. Abin da ya sami Kaka mun karanta shi, zawon matafiya ake ce masa. Ba sauyin iska ba ne, ba kuma bakin mutane ba, ko da Kaka za ta ce haka. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, bakteriya. Daga bayan gidan wani suke fitowa, su bi hannun da ba a wanke ba ko ƙuda ko ruwa, su shiga cikin wani. Mutanen gari cikinsu ya saba da nasu, baƙo ne suke kayarwa. Kankanar nan da ruwan bokiti sun isa. Sanyin ƙanƙara ba ya kashe su, ajiye su yake yi. Ke ƙuruciya ta cece ki.

Ga aikinki. Kada ku ƙara shan ruwan durom sai an tafasa shi ya yi tafasa sosai. Kada ki sayi abin da aka yanka ko aka ɓare. Ayaba ko lemo, ki ɓare da hannunki. Abinci sai mai zafi da kika ga tururinsa. Kaka da hannu take gani, bango da ƙofar banɗaki duk sai ta shafa, don haka ki wanke mata hannu da sabulu duk dawowa da kuma kafin ta ci. Naki ma.

Babban abu shi ne ruwa. Zawo ba shi ke kashe mutum ba, bushewar jiki ce. Ki sayi garin gishiri da sukari na kemis, ki haɗa yadda aka rubuta a jiki. In babu, ki sami tafasasshen ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Ta riƙa kurɓa a kai a kai, duk fita a mayar.

Yawanci irin wannan yakan tsaya da kansa cikin 'yan kwanaki, ba sai an je asibiti ba. Yadda kika ce bai yi tsanani ba, ina sa ran kafin ranar aikin ta miƙe.

Amma ki buɗe ido. In kin ga jini ko majina a ciki, ko jikinta ya yi zafi, ki jefar da ƙwayar tsayarwar nan, don kulle cutar take yi a ciki. In fitsari ya ɗauke, ko kin tsunkuli fatar cikinta ta ƙi komawa, ko ta fara magana ba kan gado, ki kai ta wurin likita a take. Wannan sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba. Tsoho ba ya jure abin da yaro ke jurewa.

Maganar makaranta kuwa, ba ki yi laifi ba. Wa ya ce son ido ga Kaka da son biro gare ki ba za su zauna a zuciya ɗaya ba? Ni ba a barin mu fita sai mun gama. Ki ce wa tsohuwar nan in ta warke ni za ta fara gani, ta shirya ganin kyau.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya. Kaka ba ta da lafiya sosai.

Takardarki ta daɗe a hanya. Motar ta lalace, direban ya kawo ta da tabon baƙin mai a jiki. Kullum ina zuwa bakin titi ina dawowa hannu biyu. Kafin ta iso abubuwa sun canza.

Na karanta wa Kaka a fili. Da na zo wurin da kika ce yakan tsaya da kansa ba sai an je asibiti ba, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Maimaita nan." Na maimaita. Ta ce, "To, likitar gidanmu ta yi magana. Naɗe takarda." Na ce akwai saura. Ta ce, "Saura na malamai ne." Sauran a zuciyata na karanta, domin duk abin da kika ce in duba na riga na gani. Akwai jini, akwai majina. Jikinta kamar garwashi. Cikinta yana murɗawa har ta ciji bakin mayafi don kada maƙwabta su ji.

Na ɓoye ƙwayar na ce ta ƙare. Ta ce, "Maƙaryaciya, ina jin takardarta tana ƙara a aljihunki." Ban ba ta ba. Ta ce ni ba jikarta ba ce, daga bola aka tsinto ni. Da, in ta faɗi haka dariya muke yi.

Mai masauki ta hana kunna risho a ɗaki. Sai na je wurin mai shayi na bakin ƙofa na ce ya tafasa mini ruwa. Kin san ni da yi wa namiji magana, sai da na tsaya a gefe har kowa ya watse. Na haɗa ruwan yadda kika ce. Kaka takan karɓi kofi ta ce, "Fita ki ba ni wuri, ba na shan abu ana kallona." In na dawo kofin babu komai. Na yi ta murna, Yaya. Na yi ta haɗawa.

Yau da safe ina shara, tsintsiya ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Kwanon wankinmu ne, ya kusa cika. Duk abin da na ba ta yana ciki.

Na ce, "Kaka, me ya sa?"

Ta ce, "Abin da bai shiga ba, ba ya fita."

Na ce za ki mutu. Ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Kwana nawa ya rage? Na yi ƙishin da ya fi wannan ina goyon uwarki."

Na san dalili. Shekaranjiya mun tarar da layi a ƙofar banɗaki, maza a gaba. Na kasa buɗe baki in ce a ba mu hanya. Muna tsaye abin ya kufce mata, ya bi ƙafarta har ƙasa. Ita ba ta ga fuskokinsu ba, ni na gani. Da muka dawo ɗaki ta ce, "Ni da na yi wa rabin unguwa wankan jego, yau ni ce nake ɓata tsakar gidan mutane." Tun daga nan ta rufe bakinta. Na sayo fo na ajiye a ɗaki, ta ce ba ta zama jaririya ba tukuna.

Kawu ya kira. Wallahi da kin gan ta, ta miƙe zaune ta gyara murya ta ce, "Lafiya lau, kamar doki! Yarinyarka ce dai ba ta iya dafa komai ba." Yana kashewa ta zube.

Na tsunkuli fatarta ta tsaya kamar an naɗe tsumma. Tun jiya ba ta yi fitsari ba. Ɗazu ta kira ni da sunan Innarmu, ta ce in je in kwaso shanya hadari ya taso. Na ce Kaka ni ce. Ta ce ta sani, wasa take. Ban yarda ba.

Aikin ya kusa. In na kai ta wurin likita, shi ke nan, sai wata shekarar, in da rai. In ban kai ta ba, ban sani ba. Na yi rantsuwa kuma. Kin ce in kai ta a take, amma lokacin da kika rubuta ba ki san saura kaɗan ba ne. Za ta iya kaiwa? In na matsa mata ta sha ko kofi ɗaya ne, za ta kai? Ki ce mini e ko a'a kawai. Don Allah ki ba direban amsa kafin ya juya.

Ƙanwarki.

*

Bebiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, jarrabawar tana tafiya, ta jiya ce kawai ta ci mini tuwo a ƙwarya. Tun takardarki ta farko ban sake ganin komai daga gare ki ba, kuma direban da na sani bai biyo ba, wani ne yake jan motar. Na ce a raina shiru alamar sauƙi ce, da wani abu ya faru da kin rubuto. Na san yanzu Kaka ta koma zagin mai masauki.

Ga saƙo nan a leda. Baƙin tabarau na Kaka ne, bayan aiki haske zai dame ta. Ki ce mata za ta fito kamar 'yar fim. Jakar kuma taki ce, da ita na yi ajin farko na sakandare, na ɗinke hannun da ya tsinke. Akwai littattafan rubutu a ciki. Kada ki fara ɓata su da zanen fure.

Kada ki ɗaga wa Kawu hankali a kan abin da ya riga ya wuce, kin san shi da faɗa. Ki dai ci gaba da tafasa ruwa har ku koma gida. Ki rubuto mini abin da ta fara cewa in an buɗe mata ido.

Yayarki mai kewarku.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na ga saƙo, na gode. Na gane takardata ta biyu ba ta same ki ba. Ban san inda take ba. Na buɗe ledar a bakin titi ina neman e ko a'a, sai na ga jaka. Na zauna a kan dakalin wani shago na yi kuka har mai shagon ya fito ya ce wa ya mutu.

A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, a kan ɗaya daga littattafan da kika aiko. Ki yi haƙuri na yage shafi.

Yau ce ranar aikin. Da gari ya waye Kaka ta ce in yi mata wanka in sa mata rigarta mai kyau. Ta kasa ɗaga hannu, ni na zura mata. Leɓenta ya tsattsage, idonta ya faɗa ciki. Ta ce in shafa mata man leɓe in ja mayafi ya rufe fuskar, in nas ta yi tambaya ni zan amsa, in ce tsufa ne. Ta sa na maimaita. Na maimaita.

Da na ɗaga ta sai ƙafarta ta ƙi. Muka zube tare a bakin ƙofa. Matar ɗakin kusa ce ta fito da gudu ta kama ta. Ta dube ni ta ce a hankali, "'Yar nan, tun ranar farko na sani, bangon nan ba bango ba ne. Ban faɗa ba don kada a ce kati nake nema. Amma tsohuwarki tafiya take yi." Ta je ta aro keken marasa lafiya wurin mai gadi, muka ɗora Kaka, ta koma wurin babanta.

Daga ƙofar asibiti hanya biyu ce. Ta dama tana hawa zuwa ginin ido, a nan aka ba mu kati. Ta hagu tana gangarawa zuwa ɗakin da ake karɓar na gaggawa. Na tsaya a tsakiya. Mutane suna ta wuce mu da tsofaffinsu, kowa da kati a hannu. Kaka ta ce, "Me muke jira? Tura mana, kada a kira mu ba ma nan."

Na tura hagu.

Ba mu yi nisa ba ta kama hannun keken. Ta ce, "Takwara, rannan hawa muka yi."

Na ce, "E, Kaka."

Ta ce, "Yanzu gangara muke."

Na ce, "Na sani."

Ta nemi sa ƙafa a ƙasa ta tsayar da keken, ba ƙarfi. Ta ce, "Kin rantse." Na ce na rantse. Ta ce, "Ashe makaho ba shi da hanya sai wadda aka ga dama." Ban tsaya ba.

Likitan namiji ne, dogo, bai ko ɗago ba ya ce, "Tun yaushe?" Kaka ta buɗe baki za ta ce tsufa ne. Na riga ta. Na faɗi kankana, na faɗi durom, da jinin, da ƙwayar da na sayo, da kwanon da ke ƙarƙashin gado. Ban san muryata tana kaiwa haka ba, har wata nas ta juyo. Ya tsunkuli fatar kamar yadda kika koya mini, sai ya daina rubutu ya kira mutane. Sun sha wuya kafin su sami jijiya. Yanzu ana yi mata ƙarin ruwa, leda ta biyu ke nan. Sun ɗauki bayan gidan za su duba wace ƙwayar cuta ce, sun fara ba ta maganin kashe ta. Ya ce ƙodarta ta gaji. Na ce za ta tashi? Bai ce e ba. Ya ce mu jira fitsari, in ya zo a gaya masa. Ban taɓa zaton zan zauna ina roƙon Allah a kan fitsari ba.

Ta farka ɗazu. Na miƙa mata ruwan gishiri da sukari a cokali. Ta juya fuska bango ta ce, "Kin sayar da idona." Na bar cokalin a bakin leɓenta ban janye ba. Da hannuna ya fara gajiya sai ta buɗe baki ta sha. Ba ta ƙara yi mini magana ba.

Baƙin likitocin gobe za su tafi. Kawu yana hanya, yana zaton zai tarar da ita da bandeji a ido.

Da ta yi barci na hau ginin ido. Ana ta kiran lamba. Na sami nas ɗin da ta ba mu kati na miƙa mata, na ce mai shi ba za ta zo ba, a ba na baya. Ta ce, "Wa ya aiko ki, ina babbanku?" Na ce ba kowa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta karɓa.

Jakar tana wurina, zan adana ta inda ɓera ba zai taɓa ba. Maganar makaranta kada ki tayar wa Kawu da ita bana. In ya tambaye ki wa ya yanke wannan shawara, kada ki ce ke ce don ki kare ni. Ki ce ni ce. Zan tare shi a ƙofa in faɗa masa da bakina kafin ya shiga wurinta.

Ƙanwarki.